Fari, Janyewar Koguna da Kuɗin Aikin Ruwa: Tambayoyin Mutanen Damagaram

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi wa masu aikin ruwa a jihar Damagaram, daga ƴan kasuwa, kwamitocin famfo da magidanta. Inda aka kawo lissafi don misali, an faɗa cewa misali ne.

Damagaram ba ta da kogi. Ina ruwanmu da kogin da ya janye a Yamai ko a Turai?

Ruwanmu ya biyo ta waya da kuma ta hanyar mota. Ruwan da ke fitowa a famfon Zango ko Sabon Gari, injin lantarki ne ke turo shi daga nesa da gari. Wutar da Damagaram da Maraɗi suka daɗe suna dogaro da ita tana shigowa ne daga Katsina ta Gazawa, wani kaso kuma na wutar Najeriya daga madatsun Kainji da Jebba yake fitowa, su kuwa a kan kogin nan na Isa suke, wanda mutanen kudu ke kira Kwara. Idan kogi ya yi ƙasa, injinan madatsa su rage juyawa. Idan wuta ta ɗauke, famfo ya yi shiru ko da rijiyoyin cike suke.

Sai kuma kaya. Shinkafa, taki, bututu, farantin sola, injin famfo, yawancinsu jirgin ruwa ne ke kawo su bakin teku kafin mota ta ɗauko. Duk abin da ya ƙara kuɗin dako a can, a kasuwar Dole ake biyansa.

Me ya sa ƙishin garin nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa?

Garin a kan dutse yake zaune. Duwatsun nan da ake gani sun taru a Birni, su ne a ƙarƙashin ƙasa ma, kuma irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a tsagarsa da kuma inda ya ruɓe ya zama ɓurɓushi. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926.

Shi ya sa ake jawo ruwa daga waje: Gogo da Macaya ta kudu, Arunguza da Ganaram ta arewa. Na Gogo da Macaya ruwan sama ne da aka tare shi ya nutse cikin rairayi, don haka da damina yake rayuwa. Damina biyu marasa kyau a jere, sai ka ga rijiyoyin sun ja baya. Na arewa ya fi zurfi, bai cika damuwa da damina ɗaya ba, amma hanyarsa doguwa ce, wutar da yake ci tana da yawa, kuma fashewar bututu guda a daji tana iya tsayar da unguwanni.

A cikin gari kuma ruwa gangara yake bi. Idan abin da ke bututu ya yi kaɗan, unguwannin da ke kwari su shanye, na kan tudu da na ƙarshen layi sai tsakar dare, lokacin da na gaba suka rufe famfo. Mai layin bido ashirin a ƙofar gida da ƙarfe uku na dare ya san wannan ba sai an karanta masa ba. Ga kuma garin yana faɗaɗa fiye da yadda bututu ke tafiya. Kamfanin SPEN ne ke da alhakin gina manyan kayan aiki. Rarraba ruwa da karɓar kuɗi suna hannun kamfanin NDE, wanda ya gaji kamfanin SEEN a Janairun 2024.

A 2024 an yi ruwa har tsohon masallacin Birni ya rushe. Wane irin fari kuma ake faɗa?

Yawan ruwan da ya zuba daban, wanda ƙasa ta sha daban. Damagaram tana samun abin da ya kai milimita 400 a shekara, wata shekarar ya haura, wata ya gaza, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Idan milimita 70 suka zubo cikin awa biyu a kan fako, ƙasa ba ta iya haɗiyewa: ya kwashe ƙasar gona, ya rusa gini, ya taru a tafki mai faɗi marar zurfi. Can kuma rana ta karɓe shi, domin a watannin zafi tafki yana rasa kusan santimita ɗaya a yini ba tare da ko akuya ta sha ba. Tafkin da zurfinsa bai wuce mita ɗaya da rabi a Oktoba ba, kada a sa ran zai kai bazara.

Manomi kuwa farinsa shi ne tsayawar ruwa na kwana goma sha biyar zuwa ashirin bayan shuka, ko lokacin da gero ke fitar da kai. Ana iya samun ambaliya a Agusta kuma a rasa gero a shekara guda.

Yaushe kogin Isa ke janyewa, kuma ya taɓa tsayawa?

A Yamai cika biyu yake yi. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda daminar yankin ke kawowa da laka. Akwai kuma baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ya iso tsakanin Disamba da Fabrairu. Daga nan sai ja da baya, Mayu da Yuni ne ƙarshen janyewa. A Yunin 1985, bayan farin 1984, kogin ya daina gudu a Yamai.

Maganin da aka tsara shi ne madatsar Kandaji a jihar Tilaberi, wajen kilomita 180 sama da Yamai, wadda aka aza harsashinta a 2008. An tsara ta ba da megawat 130 na wuta, ta kuma riƙa sakin mita kub 120 (mita kub ɗaya lita dubu ce) a kowace daƙiƙa lokacin rani don kada kogin ya sake tsayawa. Aikin ya sha tsaiko saboda kuɗi da tsaro. Rabon ruwan kogin tsakanin ƙasashe tara yana ƙarƙashin hukumar kula da kogin, ABN, mai mazauni a Yamai.

Ta yaya ƙarancin ruwa ke hana jirgi tafiya, alhali ga ruwan ana gani?

Jirgi yana nutsewa gwargwadon nauyinsa. Idan zurfi ya ragu, dole a rage kaya don kada gindinsa ya taɓa ƙasa, kuɗin mai da na ma'aikata kuwa suna nan yadda suke. Kayan da jirgi ɗaya ke ɗauka sai ya koma na uku ko huɗu, kuɗin dakon kowane tan ya ninka.

Haka ta faru a kogin Rayin na Jamus a 2018 da 2022. A Oktoban 2018 ma'aunin garin Kaub ya sauka zuwa santimita 25, jiragen dakon mai da gawayi suka koma tafiya da ƙasa da rabin kayansu. A mashigin Panama lamarin ya ɗan bambanta: jirgi hawa yake yi daki-daki ta ƙofofi, kuma kowane wucewa yana zubar da kusan lita miliyan 200 na ruwan tafkin Gatun zuwa teku. Farin 2023 ya sa aka rage jiragen da ke wucewa a yini daga wajen 36 zuwa 22, wasu suka jira, wasu suka yi zagaye.

A kogin Isa kuwa, manyan jiragen da ke tsakanin Kulikoro da Gawo a Mali ba sa tafiya sai lokacin cika, daga wajen Agusta zuwa ƙarshen shekara. Ƴan fito da ke tsallakar da mutane da kaya tsakanin Malanbil ta ƙasar Benin da Gaya su ma sun san abin: ruwa ya janye, tsibiran rairayi su fito, kwale-kwale ya tsaya nesa da gaɓa, a ƙara kuɗin ƴan dako.

Ashe tsadar kaya a nan daga janyewar koguna take?

A'a, Alhaji, kada a ɗora wa kogi laifin da ba nasa ba. Kayan da ke zuwa mana daga Asiya ba ta Panama suke bi ba; abin da ya same mu daga can ɗan ƙarin kuɗin jirgi ne da ya shafi duniya baki ɗaya. Abin da ya fi taɓa aljihunmu hanya ce da iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma tashar Lome suna ratsowa ta Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Daga Yamai kuma akwai sauran kusan kilomita 900 kafin su iso nan. An ɗage takunkumin ƙungiyar CEDEAO da ya jawo haka a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe bayan haka, amma gadar Gaya, wadda ke kan iyakar Benin, ba ta koma yadda take ba.

Inda abin ke muni shi ne idan fari ya haɗu da rufaffiyar hanya. Dattawa suna tuna 1984: damina ta gaza, Najeriya ta rufe iyaka, har aka sa wa yunwar suna El-Buhari.

Ga mai kula da famfo, darasin a aikace yake: kayan gyara da ba a samu sai daga waje, a yi odarsu tun kaka. Wanda ya bari sai injinsa ya ƙone a Afrilu, zai iya jira har damina.

Tafkin Chadi da Komadugu fa?

Tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ragu ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980, tun daga lokacin yana ƙaruwa yana raguwa da damina. Kogin Komadugu kuwa, mai shayar da gonakin tattasai na Difa, ruwansa daga Kano da Jigawa da Bauchi yake fitowa, kuma madatsun Tiga da Challawa suna da hannu a yawan abin da ke isowa.

Rijiyarmu ta ja. Mu ƙara mata zurfi ko mu nemi foraj, wato rijiyar burtsatse?

A fara da awo. A sa igiya mai alama a auna daga bakin rijiya zuwa fuskar ruwa, da asuba kafin a fara ja, sau ɗaya a wata, a rubuta. Idan ruwan yana sauka da rani ya dawo bayan damina, rijiyar lafiyarta lau, yasa take so da ƙarin zoben siminti biyu ko uku. Lokacin wannan aiki Mayu ne, sa'ad da ruwa ya kai ƙarshen saukarsa. Wanda ya haƙa a Nuwamba zai ga ruwa da wuri ya tsaya, bazara ta tona masa asiri. Idan kuwa kowace shekara ruwan ba ya komawa inda yake bara, ana ɗiba fiye da abin da ke shiga, ƙarin zurfi jinkiri ne kawai.

Gargaɗi: kada a taɓa saukar da injin fetur cikin rijiya ko a bar hayaƙinsa yana shiga alhali mutum na ciki. Hayaƙin ba a ganinsa, kuma yana kisa cikin mintoci. Kafin mai yasa ya sauka, a zura fitila mai wuta. Idan ta mutu, babu iska.

Wurin da kuke shi zai yanke hukunci. A kwarin Korama, wajen Matamai da Magarya, ruwa kusa yake, har da hannu ake haƙa ƙaramin foraj na lambu. A Tanut yana da zurfi sosai, sai babbar mota da kuɗi masu kauri. A kan dutse, kamar kewayen Damagaram da wajen Gure, kada a sa inji sai masu na'urar binciken ƙasa sun nuna tsaga, kuma a rubuta a yarjejeniya wanda zai ɗauki asara idan ramin ya fito a bushe. Kafin a biya kuɗin ƙarshe a nemi takardu uku: zanen ramin da ke nuna inda aka sa bututun tacewa da tsakuwa, sakamakon gwajin jan ruwa na aƙalla awa 24, da sakamakon awon ruwa. Na ƙarshen nan ba ado ba ne. A Tibirin Maraɗi ruwan foraj mai yawan sinadarin fulor ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 na fulor a lita, na sinadarin naitiret kuma miligiram 50.

Famfon sola mai wane girma ya ishi gari?

Ga misali. Gari mai mutum 2,000, kowa lita 20 a yini: lita 40,000 ke nan, wato mita kub 40, ko tano 200 mai lita 200. Rana tana ba da aiki mai ƙarfi na wajen awa shida, don haka foraj ya iya ba da mita kub 7 a awa. Idan gwaji ya nuna 4 yake bayarwa, babu farantin da zai mayar da shi 7. Idan tsayin da za a tura ruwa, daga fuskarsa a cikin rami lokacin da ake ja har bakin shato, wato tankin da ke sama, ya kai mita 60, za a buƙaci faranti na kilowat 3 zuwa 3.5, kamar guda goma masu wat 350.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da dabbobi. Saniya tana shan lita 30 zuwa 40 a zafi, tunkiya ko akuya wajen 5. Shanu 300 kaɗai sun ƙara mita kub 10, kuma suna zuwa ne daidai lokacin da tafkuna suka ƙafe.

Me ke kashe sabon famfo cikin shekara biyu ko uku?

Injin da ya fi ƙarfin rami shi ne na farko: ya janye ruwan har ya shaƙi iska, ya yi zafi ya ƙone. Ƴar na'urar da ke tsayar da shi idan ruwa ya sauka ba ta da tsada, amma ita ake fara cirewa don a rage kuɗi. Sai rairayi, idan ba a wanke ramin da iska har ruwa ya yi garau ba, ko tsakuwar da aka zuba ba ta dace ba; a tari ruwa a farin bokiti, in rairayi ya kwanta a gindi, fukafukan injin suna cinyewa. Sai ƙurar hunturu a kan faranti, wadda ke rage ruwa har a zaci injin ne ya lalace. Wanki da sassafe sau ɗaya a mako ya isa. Tsawa tana ƙona akwatin sarrafa wuta idan ba a binne sandar ƙarfe an haɗa ba. Bakin ramin da ba a toshe da siminti na mita biyar na sama ba, ruwan kwata zai bi ta nan. Masai kuma ya yi nisan mita 30.

Amma abin da ya fi duk waɗannan kisa shi ne asusun da babu komai cikinsa ranar da abu ya lalace.

Su wa ke ba da kuɗin aikin ruwa?

Gwamnati tana da tsarin ruwan sha da tsabta mai suna PROSEHA na 2016 zuwa 2030, kuma kaso mai yawa na kuɗinsa daga waje aka sa rai. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 400 na Amurka don shirin PISEN na tsaron ruwa. Akwai Bankin Raya Afirka, bankin raya Afirka ta Yamma BOAD, Bankin Musulunci, Sin, UNICEF da ƙungiyoyin agaji. Bayan Yulin 2023 Tarayyar Turai da Faransa da wasu suka dakatar da tallafi, Bankin Duniya ya tsayar da biya kafin ya dawo a 2024, ayyuka da dama suka tsaya a rabi.

Akwai kuma inshorar fari ta Afirka, ARC, wadda ta biya Nijar dala miliyan 3.5 na Amurka a farkon 2015. Asusun asarar sauyin yanayi da aka amince da shi a Masar a 2022 ya fara da alkawarin wajen dala miliyan 700 a Dubai a 2023, abin da bai kai biyun PISEN ba, kuma na duniya ne duka. Kada wani gari ya zauna jiransa.

A lura, yawancin manyan kuɗin nan rance ne mai sauƙi, ba kyauta ba. Kuma kusan dukansu na gini ne. Mai ba da kuɗi yana son sabon shato da za a yanke ƙyalle. Da wuya ka ji wanda ya zo da niyyar sauya injin da ya shekara takwas.

Garinmu yana so. Ta ina za mu fara?

Ta ofishin magajin gari, don buƙatar ta shiga tsarin raya ƙaramar hukuma, PDC. Masu ba da kuɗi can suke dubawa. A kai kwafi ma'aikatar ruwa ta jiha. Takardar ta ƙunshi yawan mutane da dabbobi, wuraren ruwan da ake da su da halin da kowanne ke ciki, awon rijiya na watanni, da shaidar filin da za a yi aikin, wadda mai gari da mai filin suka sa wa hannu. Ƙa'idar da aka saba aiki da ita ita ce wurin ruwa ɗaya ga mutum 250. A kafa ƙungiyar masu amfani da ruwa, mata a ciki da muƙami na gaske, a buɗe asusu a zuba wani abu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƴan gari mazauna Kano ko Agadas da ke son yin sadaka, a nuna musu gyaran tsohon foraj kafin haƙa sabo. Sau da yawa kuɗin ya fi kaɗan, ruwan kuma an riga an san yana nan.

Ruwa na Allah ne. Don me za a sayar?

Ba ruwan ake saya ba, Malam, jawo shi ake biya, kuma dokar ruwa ta 2010 ta tanadi haka. Misali: bido mai lita 25 a dala biyu, wato sefa 10. Bido 40 ne mita kub, sefa 400 ke nan. Garin da ke sayar da mita kub 30 a yini yana tara jika 12, a wata jika 360. Daga ciki za a biya mai tsaron famfo da mai gadi da ƙananan gyare-gyare, a ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku a asusun da ba a taɓawa sai da sa hannun mutum biyu, domin inji da akwatin wuta da wuya su wuce shekara bakwai zuwa goma. A tuna da damina ciniki yana faɗuwa, mutane sun koma tafki. A sa na'urar awon ruwa a bakin foraj da kowane famfo, a riƙa gwada abin da ya fito da abin da aka sayar. Ratar da ta wuce kashi 15 cikin ɗari, ko yoyo ne ko hannu.

A gida me za mu iya yi?

Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 60, a daminar milimita 400, bayan an cire abin da ya zube, zai ba da wajen lita 19,000. Tanki ne mai tsada, ba indararo ba, sai a fara da abin da aljihu ya iya. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, a rufe tanki, a sa raga don sauro.

Ruwan ƴan garuwa kuma, Hajiya, ba a san inda aka ɗebo shi ba idan gari ya matsu. In ya yi duhu a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, sannan a jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs, ta lita 20, a jira minti 30. A duba jikin takardar, domin ƙwayoyin girma-girma ne. Randa ta kasance da murfi da moɗa guda mai mariƙi, wadda ba a sha da ita.

A gona fa?

A kan fako, tassa: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, tazarar kamar mita guda, ƙasar da aka fitar a tara ta gefen gangara, a zuba taki cikin tafi biyu tun rani. Ramin da ake yi kamar rabin wata kuma faɗinsa mita 4, bakinsa yana kallon inda ruwa ke gangarowa, wajen 313 a hekta, layi-layi a saɓa su yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. A jigawa mai rairayi ba sa aiki, iska da ruwan farko za su cike su. Can sassaben zamani ya fi, a bar toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture a datse sauran. Da haka manoman Maraɗi da kudancin Damagaram suka mayar da itatuwa a wajen hekta miliyan 5, gawo a gaba, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana. Hasashen damina yana fitowa daga AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma ta yankin, da ma'aikatar yanayi wajen ƙarshen Afrilu. Idan ya nuna ruwa zai makara, a nemi iri mai saurin nuna, kuma kada a zuba shi duka a ruwan farko.